A Duba Akwatin Wuta Kafin A Sayi Katin Hoto

Jama'a, akwai wani ganganci da ya yi yawa a tsakanin samarinmu masu neman abinci da kwamfuta, musamman masu haɗa fim da masu zanen gine-gine. Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya sayo sabon katin hoto, watau na'urar da ke sarrafa duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta, amma ko sau ɗaya bai leƙa akwatin wutar da zai ciyar da katin ba. Wannan daidai yake da a sayi doki ba a tanadi harawa ba.

Ga yadda lissafin yake. Gurbin da ake soka katin a jikin babban allo ba ya ba da wuta fiye da wat 75. Katin da ke bukatar fiye da haka sai an jawo masa waya daga akwatin wuta. Fulogi mai ido shida yana ƙara wat 75, mai ido takwas kuwa wat 150. Katin RTX 3060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2021, yana cin wat 170, kamfanin kuma ya ce a haɗa shi da akwati mai wat 550. RTX 4090 na 2022 yana cin wat 450, akwatinsa sai mai 850. Alhali kuwa da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na hannu da ake shigo mana da su, akwatinsu bai kai wat 300 ba, ba su kuma da irin wannan fulogi sam.

In wuta ta gaza, sai kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki, mai ita ya ce an sayar masa da jabun kati, ko ya ɗora laifin a kan janareta. Waɗansu kuma sai su nemi dabara, su sayi 'yar wayar jone su ɗebo wa katin wuta daga fulogin SATA, wanda bai fi ƙarfin wat 54 ba. Ƙarshenta waya ta yi zafi ta narke. Ko fulogin ainihi ma yana son kula, gama a 2022 an sami fulogi mai ido 16 na RTX 4090 yana narkewa, kamfanin ya ce galibi rashin tura shi har ƙarshe ne ya jawo.

Bugu da ƙari, wutar ƙasarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Tsofaffin akwatunan da ake kawowa daga can suna da wani ɗan jan maɓalli a baya. In aka bar shi a kan 115 aka jona, nan take akwatin zai ƙone.

A ganina, nauyin farko yana wuyan 'yan kasuwa. Bai kamata a karɓi kuɗin mutum ba sai an tambaye shi wane akwati ke cikin kwamfutarsa. Kai kuma mai saye, buɗe murfi ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin, ka ga wat nawa yake bayarwa a layin bolt 12, domin daga nan katin ke sha, sa'an nan ka ƙirga fulogansa. In kuɗinka ba su kai na kati da akwati mai kyau ba, to, gara ka sayi ƙaramin kati. In kunne ya ji, jiki ya tsira.