Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga makanikan Makka kan zafin inji da shan ruwa



Zuwa ga iyayena da 'yan'uwana makanikai, masu warsha a Sana'iyya da masu aiki a bakin layi a Shara Mansur, Jarwal, Misfala da Rusaifa, tare da yaran da ke koyo a hannunku. Sannunku da aiki, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Maganar zafin inji ce ta sa na rubuto muku. Garin nan ba ya raga wa lagireto. A Hajjin 2024, ranar 17 ga Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Iskar da fanka ke jawowa don ta sanyaya ruwa ita kanta da zafinta take zuwa, sannan ta ratsa kwandansar AC ta ƙara ɗumi kafin ta isa lagireto. Motocin da mutanenmu ke neman abinci da su kuwa, Cressida da Camry tsohon yayi, Hiace, Jimsi da Crown Victoria, da yawa sun haura shekara ashirin. Ɗan laifin da mota za ta yi shekara tana yawo da shi a Abuja ko Jos, a nan azahar ɗaya ta isa ta tona shi.

Abin da ke damuna shi ne gaggawarmu. Mai mota ya ce allura ta hau, kafin ya rufe baki an cire tamostat an yar, an haɗa fanka kai tsaye, an ɗura ruwan famfo, an sallame shi. Ya dawo bayan sati biyu, sai a ce masa gaskit ne, a sauke kan inji. Kuɗi sun tafi, kuma har yanzu ba wanda ya san inda ruwan yake bi.

Ku fara da tambaya tun ba ku ɗauki sifana ba: a ina take zafin? In a cunkoso ne, ko cikin hanyoyin nan da aka huda a duwatsu, amma da an hau titin Jidda allura ta sauko, to iska ce ba ta isa. Ku duba fanka, da rile da fiyus ɗinta in ta lantarki ce, da murfin da ke kewaye da ita, wanda wasu ke cirewa wai yana tare musu hannu. In mai kuloci ce irin ta Cressida da Jimsi, a bari inji ya yi zafi, a kashe, a juya ta da hannu. Ta yi ta walawala ba nauyi, ga maiƙo da ƙura sun dame a tsakiyarta? Ta mutu, ko da ido na ganin tana juyawa. Sannan a leƙa tsakanin kwandansa da lagireto da tocila. Can za ku tarar da ƙura, guntun leda da gashin tattabarun Makka sun like sun toshe rabin fuskar. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa mai sauƙin ƙarfi, kada haƙarƙarin ya kwanta.

In kuwa lafiya take a gari, sai an kama hawan Hada zuwa Ɗa'ifa ko an miƙa a titin Hijira za a Madina, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. Ko lagireto ya toshe daga ciki, ko tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa, ko tiyon ƙasa yana shaƙewa in an taka mai. Na'urar auna zafi daga nesa ba ta da tsada. A bi fuskar lagireto da ita, duk inda ya yi sanyi a tsakiyar zafi, ruwa ba ya bi ta nan.

Marfin lagireto ya fi komai araha, shi kuma aka fi mantawa. Ruwa na tafasa a digiri 100 a bakin teku. Marfi mai lafiya, mai riƙe bar 0.9 zuwa 1.1, yana ɗaga wannan zuwa wajen 120. A saman Hada, kusan mita 2,000, ruwan da ba matsi a kansa yana tafasa a wajen 93. Ke nan motar da marfinta ya saki za ta iya amayar da ruwanta a kan dutse alhali injin bai wuce zafin aikinsa ba. Ku dubi robar marfin, ku dubi lambar da ke kansa, ku gwada shi.

Batun shan ruwa kuwa, kada rashin ɗigo a ƙasa ya yaudare ku. A wannan zafi ƙaramin yoyo yana bushewa tun bai kai kwalta ba. Sawunsa ake nema: farin bushi ko kore ko ja a bakin tiyo, a maɗaurin tankin roba na lagireto, da ƙasan ƙaramar hudar nan ta famfon ruwa. A ɗaura famfon gwajin matsi inji na sanyi, a ba shi kwata ɗaya na awa, a ga ko allura za ta sauka. Warshar da ba ta da wannan famfo canka kawai take yi. Kada a manta da hita don ba ma kunna ta. A taɓa kafet ɗin gaban fasinja a ji ko da danshi. Crown Victoria na 1996 zuwa 2001 an san su da tsagewar manifol ɗin roba, Jimsi mai inji 5.7 na ƙarshen shekarun 1990 kuma da yoyon gaskit ɗin manifol. Waɗannan biyun sukan sa a sauke kan inji a banza. In motar atomatik ce, a zaro sandar man giya, domin na'urar sanyaya shi tana cikin lagireto, kuma in ta fashe sai man ya koma ruwan hoda mai kauri.

Gaskit ɗin kai shi ne na ƙarshe a tuhuma, kuma sai da shaida. A tayar da inji da sanyin safiya, marfi a buɗe: kumfa na fitowa ba tsayawa? In an rufe, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu tun inji bai ɗumama ba? Akwai fulogi guda da ya yi fes kamar sabo, sauran na da baƙinsu? Ruwan nan shuɗi na gwada hayaƙin inji a bakin lagireto ya koma rawaya? Baƙin mai yana iya zama garau alhali gaskit ya ƙone, don haka kada a tsaya a kansa. In an sauke kai, a kai shi makharaɗa a auna lanƙwasa, a nemi tsagewa, sannan a koma a gano abin da ya fara kawo zafin. In ba haka ba sabon gaskit ma bin tsohon zai yi.

Tamostat fa, ku yi wa Allah ku bar shi. Na san hujjar: ƙasar zafi ce, na Turawa ne. Wannan an bar jaki ne ana dukan taiki. Na Toyota yakan fara buɗewa a wajen digiri 82, da rana tsaka a Makka kuwa a buɗe yake wuni, bai tare komai ba. A injuna da dama ma, in ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai je lagireto ba. Ka cire shi, ka bar wannan hanya a wangame, wani kason ruwan zafi ya yi ta zagaye a ciki. Kana shakkarsa? Jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ka ga ya buɗe ko bai buɗe ba. In ya mutu a sa sabo, ba na tashlihi ba, wato wanda aka ciro daga tsohuwar mota.

Haka ruwan lagireto. Gaskiya ne ƙanƙara ba ta kama mu, amma maganin da ke cikinsa shi ke hana tsatsa cin famfo da alminiyon, ruwan famfo kuwa gishirinsa ke toshe ƙananan bututu. A haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, ko a sayi haɗaɗɗe, kada a gauraya iri biyu, kuma a fitar da iska bayan an cika.

Ku ja kunnen yaranku kada su buɗe marfi inji na zafi, ko da tsumma. Ƙunar ruwan nan ba ta barin fuska yadda ta same ta. Direbobi kuma ku gaya musu, in allura ta hau su kashe AC su nemi gefe su tsaya, kada su kwara wa inji ruwan sanyi. In ta hau sannan ta faɗo da kanta, wataƙila ruwan ne ya ƙare har ba ya taɓa sensa.

Motocin nan iyalai suke ɗauka, wasu kuma baƙin Allah. Don girman wannan amana, kada ku sauke kan injin kowa sai kun nuna masa shaida da idonsa.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a, daga Makka.