Kafin a jefar da tsohuwar kwamfuta, a koya wa yaranmu ba ta umarni



Kwanakin baya wani dattijo a unguwarmu, malamin firamare da ya yi ritaya, ya aiko jikansa ya kira ni. Na tarar da shi zaune da laftof a cinya, ransa a ɓace. Maɓallin goge rubutu ya mutu, ga shi yana tsakiyar rubuta tarihin zuriyarsu. Ya kai wa wani mai gyara a cikin gari, aka ce sai an canza allon madannai gaba ɗaya, kuma sai an aiko da shi daga Legas. Kuɗin da aka yanka masa ya kusa cinye rabin fanshonsa na wata.

Da na duba sai na ga ɗansa, wanda ke karatu a Gidan Kwano, ya sa masa Linux Mint. Na buɗe baƙar tagar nan da ake kira Terminal, na rubuta layi ɗaya:

setxkbmap -option caps:backspace

Nan take maɓallin Caps Lock, wanda dama ba ya amfani da shi, ya koma yin aikin gogewa. Ya gwada sau uku, ya dube ni ya ce, "Ɗana, shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, Baba. Sai dai mu ajiye layin a inda zai riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kunna ta."

Tun ranar nake tunanin yadda muke koyar da kwamfuta a Minna. Ra'ayina shi ne mun takura wa yaranmu. Muna biyan kuɗi su yi wata uku ko shida a makarantun koyon kwamfuta, su fito da takardar shaida, amma duk abin da suka iya bai wuce danna hoto da linzami ba. Ranar da linzamin ya ƙi, ko fuskar kwamfutar ta rikice, sai su naɗe hannu. Ba wanda ya taɓa nuna musu cewa ana iya rubuta wa na'urar umarni kai tsaye ta bi. Kuma wuri mafi sauƙi da za a fara wannan darasi shi ne abubuwa ukun da hannu da ido ke hulɗa da su kullum: allon madannai, linzami da fuskar kwamfuta.

Bari in fara da abin da ya fi shafarmu a matsayinmu na masu magana da Hausa. Harshenmu yana da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, sai kuma ƴ da 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Ba ado ba ne. Fada daban, faɗa daban. Wanda ya rubuta "mun je fada" alhali faɗa ya je, ya canza labari. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara. Tun shekarun 1930 aka yi aikin daidaita rubutun boko a Zariya, kuma ɗaya daga cikin manyan da suka raya shi ɗan wannan jihar ne, Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. A zamaninsu da dalma ake jera haruffa. Mu da muke da kwamfuta, sai ga katin biki, takardar taro da sanarwar masallaci duk suna fitowa babu ƙugiya ko ɗaya, mai buga takardu yana cewa injinsa ba shi da su.

Yana da su. Ba a kunna ba ne kawai. A Linux akwai tsarin madannai na Najeriya, da nau'o'in Hausa, Yarabanci da Ibo. Wannan layin zai ba ka Turanci da Hausa tare, ka riƙa sauyawa da Alt da Shift:

setxkbmap -layout us,ng -variant ,hausa -option grp:alt_shift_toggle

Mai Windows ma ba a bar shi a baya ba. Ya buɗe PowerShell ya rubuta layuka uku, ɗaya bayan ɗaya:

$jeri = Get-WinUserLanguageList
$jeri.Add("ha-Latn-NG")
Set-WinUserLanguageList $jeri

Zai tambaye ka ko ka amince, ka amsa. Daga nan maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara zai riƙa kai ka Hausa ya dawo da kai. Ko ba ka yi wannan ba, kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253. A cikin Word, rubuta lambar ka danna Alt da X, harafin zai fito. Aikin da bai kai minti biyar ba, amma shekara da shekaru muna rubuta harshenmu a gurgunce saboda shi.

Na biyu, iyayenmu da masu lalura. Dattijo da idonsa ya yi rauni ba ya bukatar sabuwar kwamfuta, rubutun ne ke bukatar girma. A Ubuntu layi ɗaya ya isa:

gsettings set org.gnome.desktop.interface text-scaling-factor 1.5

Rubutu zai ƙaru da rabin girmansa a ko'ina. Wanda hannunsa ke rawa, in ya taɓa harafi ɗaya sai ya fito sau biyar, ana iya tsawaita masa lokacin da maɓalli ke jira kafin ya fara maimaitawa da "xset r rate 600 15", wato jiran da ya ɗan wuce rabin daƙiƙa, sannan maimaici 15 a daƙiƙa. Bahago kuma, wanda tun yana yaro ake tilasta masa dama, ana juya masa maɓallan linzami da wannan:

xmodmap -e "pointer = 3 2 1"

Waɗannan ƙananan abubuwa ne ga mai lafiya, amma ga mai bukata su ne bambanci tsakanin ya yi aikinsa da kansa ko ya jira jika ya dawo daga makaranta.

Na uku, tsofaffin kwamfutoci. Yawancinmu ta hannu muke saya. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa kan da yawa daga cikin tsofaffin na'urori saboda sharuɗɗan da aka gindaya. Ma'ana, akwai laftof masu rai da yawa a gidajenmu da shagunanmu da za a ce sun tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani. Irin su Linux Mint da Lubuntu kyauta ne, kuma suna tafiya lafiya a kan injin da ya shekara goma. A irin wannan injin, umarnin "xrandr" kaɗai zai nuna maka duk fuskokin da ke haɗe da sunayensu. In ka je taro majigi ya ƙi nuna komai, sai ka ce masa ya kwaikwayi fuskar laftof ɗin:

xrandr --output HDMI-1 --same-as eDP-1 --auto

Sunayen kan bambanta daga inji zuwa inji, shi ya sa ake fara dubawa. In faifan taɓawa na laftof ya lalace yana tsalle da kibiya, "xinput list" zai nuna lambarsa, "xinput disable" tare da lambar ya kashe shi, ka ci gaba da linzamin waje. In an ɗauke wuta kana lallaɓa batir, "xset dpms 0 0 120" zai riƙa kashe fuskar bayan minti biyu in ba a taɓa komai ba.

Na san abin da wasu za su ce. Duk waɗannan ai ana iya yinsu ta wurin saituna, da danna linzami, me ya kawo wahalar rubutu? Gaskiya ne, da yawansu ana iya yi. Amma ka tambayi mai kula da ɗakin kwamfuta a makaranta ko cibiyar horar da masu rubuta JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. In yana da inji arba'in, yara sun juya saitin kowanne, zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗe taga bayan taga. Wanda ya san umarni zai tara layukan a fayil guda, ya sa a filashi, ya gama kafin shayinsa ya huce. Sannan umarni rubutu ne. Ana iya tura shi ta WhatsApp ga ɗan uwa a Kontagora ko Suleja ya kwafa daidai, maimakon a kwashe rabin awa a waya ana "duba can sama ta hagu".

Wasu kuma tsoro suke ji kada su lalata injin. Wannan tsoron yana da tushe, domin akwai umarnin da ke share komai ba tambaya. Shi ya sa nake cewa a fara da madannai, linzami da fuska. Umarnin xset, setxkbmap, xmodmap, xinput da xrandr ba sa daɗewa: ka kashe ka kunna, komai ya koma yadda yake. Wurin koyo ne da kuskure ba ya cin mutum. Dokar da za a kafa wa ɗalibi tun ranar farko ita ce kada ya kwafi umarnin da bai san ma'anarsa ba, musamman wanda ya fara da "sudo". A kuma sani cewa sababbin Ubuntu da Fedora sun koma wani tsarin nuni da ake kira Wayland, inda waɗancan umarnin ba sa aiki yadda ya kamata, sai a yi amfani da gsettings. Sanin wannan bambancin ma darasi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne garin da muke ciki. Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan tun 1983, daga Bosso har Gidan Kwano. Hedikwatar NECO tana Minna. Ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan suna zuwa su koyi wannan ilimi a ƙofar gidanmu su tafi da shi, yaranmu na Limawa, Kpakungu, Tunga da Maitumbi kuwa an bar su da buga takarda da yin fotokwafi. Linux ɗin nan da ake magana, wani ɗalibin jami'a ne a Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991. Yaron da ya ga ya rubuta layi ɗaya inji ya bi, daga ranar kallon da yake yi wa kwamfuta ya canza. Daga nan ake fara zama mai rubuta manhaja ko mai kula da manyan na'urori.

Shawarata uku ce. Masu makarantun koyon kwamfuta su ware mako ɗaya tak a cikin manhajarsu don wannan, kuma kada ɗalibi ya karɓi takardar shaida sai ya iya buga sakin layi na Hausa da ƙugiyoyinsa cikakku. Ɗalibanmu da ke jami'a da kwalejin ilimi su ba da Asabar ɗaya a wata, a nemi aji a wata makarantar unguwa, kowa ya zo da tsohuwar laftof ɗinsa. Mu kuma masu kai aikin bugawa, mu daina karɓar katin da aka rubuta "dan" a wurin "ɗan". In muka fara mayar da aiki, masu shago za su koya cikin mako guda.

Malamin nan namu yanzu ya kai babi na shida a tarihin zuriyarsu, da ɗ da ƙ ɗinsa duk a wurarensu. Wanda ke da laftof a ajiye saboda maɓalli ɗaya ko biyu sun mutu, ya kakkaɓe mata ƙura ya nemi wanda zai duba masa kafin ya sayar da ita a banza.

Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa zuriyarmu albarka.