Kwatano ta fara da hanyar ruwa kafin hanyar mota

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa zuwa fiton kaya Kwatano a watan Yuni ba ya buƙatar a ba shi labarin ruwan garin. Kabu-kabu, wanda su can suke kira zemijan, yana ratsa ruwa har gwiwa, kamiyo na nutsewa cikin rami da kayansa, har mutanen garin da kansu suka laƙaba masa sunan "Cototrou", wato garin ramuka. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, da yawa daga cikinmu sun juya zuwa Lome, shi ya sa ba kowa ya ga aikin da ake yi a titunan birnin ba.

Allah bai ba Kwatano gangare ba. Gari ne shimfiɗaɗɗe bisa rairayi, teku daga kudu, tabkin Nokuwe daga arewa, ga kuma mashigin da Turawan Faransa suka haƙa a 1885 wanda ya raba garin biyu. Damina biyu gare su a shekara, ruwan da suke samu ya kai milimita 1300, fiye da ninki biyu na abin da Maraɗi ke gani. Ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, saboda haka ƙasa ba ta shan na sama. In tabki ya cika kuwa, magudana sai ta dawo da ruwa cikin gari maimakon ta fitar da shi. Unguwanni irin su Agla, Fifaji da Bosa an gina su cikin fadama, kan hanyar ruwan kanta. A 2010 ambaliya ta shafi mutum kusan 680.000 a ƙasar Benin, cikin gundumomi 55 daga 77.

Shekara da shekaru maganin bai wuce wanda muka sani a gida ba: a zuba godoro da rani, damina ta kwashe shi, a sake ba da kwangila. Gwamnatin Patrice Talon, wanda ya hau mulki a 2016, ta ɓullo da shiri biyu. Na farko shimfiɗa tituna a garuruwa tara, har da Kwatano, Porto-Novo da Paraku, wanda aka soma a 2018. Na biyu, kuma a ganina shi ne babba, shirin fitar da ruwan sama daga Kwatano. Masana sun raba birnin gida 50 bisa inda ruwan kowace unguwa ke taruwa, shirin ya ɗauki 34. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100, wasu masu ba da rance, irin su BOAD da Bankin Musulunci, suka kawo nasu.

Hikimar ita ce a bi ruwa daga inda zai fita. Ana gina babbar magudana daga bakin tabki ko teku, a haɗa ƙananan gwalalo da ita, a ware wuraren da ruwa zai tsaya kafin ya wuce, sannan a shimfiɗa titi. A unguwanni da dama pabe suke jerawa, domin in wuri ya lotsa ana ɗaga duwatsun a gyara ƙasa a mayar da su. Wanda ya yi titi kafin magudana kuwa, sai ya fasa titinsa da hannunsa in lokacin haƙa ya zo.

Abin bai zo a banza ba. A farkon 2017 hukuma ta rushe rumfuna da shagunan da ke bakin tituna, ƙananan ƴan kasuwa da yawa suka wayi gari babu wurin sana'a. Kuɗin kuma mafi yawansu bashi ne. Sannan gwamnatin ƙasa ce ta riƙe aikin ta hannun hukumominta, ma'aikatar magajin gari na gefe. To, ranar da ƴan kwangila suka kwashe injinansu, wa zai yashe rairayi da leda? A gari marar gangare, magudanar da ta cika rabi ta daina aiki. Don haka ne a 2018 suka kafa kamfanin SGDS na kwasar shara da yasar magudanai, kuma nan ne za a gane ko aikin zai daɗe.

Mu ba mu da teku, amma daminar 2024 ta nuna mana iyakarmu: gidajen Maraɗi sun zube a ƙarshen Agusta, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a farkon Satumba. Garuruwanmu suna da gangare da korama, abin da Kwatano ba ta da shi, sai dai mun raba filaye a kan hanyar ruwa. Ma'aikatan da ke shirya kasafin gunduma na baɗi, muna so su nuna mana layin da aka rubuta kuɗin yasar gwalalo, da watan da za a fara, tun kafin Mayu.