Rawayan Ruwa Ba Shi Ne Lafiya Ba

Ya kai mai karatu, sau nawa kasala ta kama ka, ka nufi kemis ka ce a ɗaura maka ruwa mai launin rawaya? Da wuya mako ya wuce wani bai tsaya a tagar ɗakin maganinmu yana neman wannan ruwa ba, in kuwa likita ya rubuta masa fari sai ya ce an yi masa rowa.

To ka sani, abin da ke rina ruwan nan bitamin B2 ne, wanda ake kira ribofilabin. Amfaninsa gaskiya ne: yana taimaka wa jiki ya mai da abinci kuzari. Amma namiji baligi miligiram 1.3 kawai yake buƙata a yini, mace 1.1, mai ciki 1.4, mai shayarwa 1.6. Jiki ba ya tara shi da yawa. Rarar ƙoda ke fitar da ita, shi ya sa fitsarinka ke yin rawaya shar bayan ƙarin ruwan. Kuɗinka ne ke bin masai.

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da da sauƙi. Allurar da aka soka ba tsafta tana shigar da ƙwayoyin cuta cikin jini. Mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa, ruwan da ya wuce kima yana iya taruwa masa a huhu. Kasalar ma wataƙila zazzaɓin cizon sauro ce ko ƙarancin jini, waɗanda gwaji ne ke gano su.

Za ka ce ai akwai masu ƙarancin bitamin ɗin. Akwai su, musamman yara da masu ciki da tuwo kaɗai ke riƙe su. Alamarsu tsagewar gefen baki da leɓe, da jan harshe mai raɗaɗi. Mafi yawansu maganinsu yana kasuwa: nono, ƙwai, hanta, kifi, zogale. Kofin madara ɗaya yana ba da kusan sulusin buƙatar yini. Sai dai a rufe nonon, domin hasken rana yana lalata bitamin ɗin, haka ma kanwa idan ta yi yawa a tukunya.

Saboda haka kuɗin ƙarin ruwan nan, ka raba shi biyu: rabi ga gwajin jini, rabi ga mai nono.