Wa'adin Haya: Shekarun Zama ko Ƙarfin Aljihu?

Mutum biyu na zaune a gida ɗaya a Abuja. Na farko ya shekara goma a ɗakinsa, yana biyan haya wata-wata. A nan aka haifi 'ya'yansa, a unguwar suke makaranta. Na biyu bara ya tare, amma kuɗin shekara ya biya a dunƙule. Idan mai gida ya buƙaci gidansa, doka ta ba na farko sanarwar wata ɗaya, na biyu kuwa wata shida. Wanda ya fi daɗewa shi ne zai fara ɗaure kaya.

Dalilin haka yana cikin yadda dokokin haya na Najeriya suka fahimci kalmar wa'adi. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja, da dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, duk sun auna tsawon sanarwar tashi da zangon biyan kuɗi. Mai biya wata-wata yana da wata ɗaya, mai biya duk wata uku yana da wata uku, mai biyan shekara yana da wata shida. Bayan wannan sanarwa ta cika, sai a ba shi wata ta kwana bakwai, wadda ke bayyana niyyar mai gida ta zuwa kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire rufi, ko sauya kwaɗo, ko watso kaya waje, duk saɓa doka ne.

Akwai sharaɗi biyu da 'yan haya da yawa ba su lura da su ba. Na farko, waɗannan wa'adodi suna aiki ne idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Mai biyan shekara da ya sa hannu a takardar da ta ce sanarwar wata ɗaya ta isa, ya sarayar da wata biyar da alƙalaminsa. Na biyu, hayar da aka yanke mata ranar ƙarewa ba ta buƙatar sanarwar tashi. Ranar na cika, hayar ta ƙare, sanarwar kwana bakwai kaɗai ta rage. Don haka takarda biyu na iya ɗauke da kalmar shekara, ɗaya ta ba da kariyar wata shida, ɗaya ba ta ba da komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin karanta wannan layi shi ne kafin a miƙa kuɗi.

Tsawon zama yana taɓa aljihu ma. A manyan birane, dillali kan karɓi la'adar kashi 10 cikin ɗari na hayar shekara, a kuma karɓi kwatankwacin haka da sunan kuɗin rubuta yarjejeniya, ban da kuɗin ajiya na abin da ka iya lalacewa. A gidan naira 600,000, la'ada da kuɗin takarda sun kai naira 120,000. Wanda ya shekara biyar a gidan, nauyin ya zo masa naira 2,000 a wata. Wanda aka tayar bayan shekara ɗaya ya ɗauki naira 10,000 a wata, sannan zai sake biyan wata la'adar a sabon gida. Kowace ƙaura riba ce ga dillali, asara ce ga ɗan haya.

A nan ne tsarin ya karkace. Kariya mafi tsawo tana ga wanda ke iya tara kuɗin shekara, alhali albashi da cinikin yawancin mutane wata-wata ko kullum suke zuwa. Dokar Legas ta yi ƙoƙarin rage nauyin, inda ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ghana ma dokarta ta taƙaita kuɗin gaba ga wata shida. Amma inda gidaje suka yi ƙaranci, mai neman ɗaki ba ya kai ƙarar wanda yake roƙo ya ba shi makulli. Kuma ko an bi waɗannan dokoki sau da ƙafa, mai biya wata-wata yana nan da sanarwarsa ta wata ɗaya.

Jamus ta ɗauki wani ma'auni. A can, sanarwar da mai gida zai bayar tana farawa daga wata uku, ta koma wata shida bayan shekara biyar, ta kai wata tara bayan shekara takwas. Hikimar a fili take: wanda ya daɗe a wuri ya kafa rayuwarsa a can, tumɓuke shi kuwa na buƙatar lokaci.

Masu gidaje suna da hujja abar saurare. Da yawansu da kuɗin fansho suka yi ginin, shari'ar fitar da wanda ya ƙi biya kuma takan ja lokaci. Amma maganin wannan shi ne kotu mai saurin yanke hukunci a kan mai taurin bashi. Ɗan hayar da ya shekara goma bai taɓa saɓa ranar biya ba, ya riga ya nuna amanarsa fiye da duk wani kuɗin gaba.

Harkar haya tana hannun majalisun jihohi, Abuja kuma tana hannun Majalisar Tarayya. Gyaran da ake buƙata ba mai yawa ba ne: a ƙara tsawon sanarwa gwargwadon shekarun zama, a kuma hana yarjejeniya rage ta. Kafin a kai ga haka, kariyar ɗan haya tana cikin rasit ɗin da ya adana da layin da ya karanta kafin ya sa hannu.