Iska Ba Ta Bin Hanya Mai Wuya: Darasi Daga Hancin Jirgin Sama

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A fannin injiniya kuwa, tsagar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba tana iya halaka injin da aka kashe dukiya mai yawa a kansa. Babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a ƙananan jiragen sama waɗanda mutane ke harhaɗawa da hannunsu, kuma darasin da ke ciki ya shafi kowane ɗalibi da malamin kimiyya a Dutsin-Ma da Kurfi.

Kada mai karatu ya ɗauka irin waɗannan jirage baƙi ne a Arewa. A shekarar 1989 jirgin Air Beetle, wanda kamfanin AIEP na Kaduna ya samar, ya fara tashi. An ɗauko tsarinsa daga RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke Amurka, jirgin da ake sayar da sassansa domin mutum ya haɗa a gida. Rundunar Sojojin Sama ta Nijeriya ta yi odar guda 60 don horar da matuƙa, kafin ta fara karɓar Super Mushshak daga Pakistan a 2016. Injin Air Beetle ƙirar Lycoming O-360 ne, mai silinda huɗu da ƙarfin doki 180. Ba shi da lagireto, ba a zuba masa ruwa. Iska ce ke sanyaya shi.

To, yaya hakan ke faruwa? Daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke zama aiki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Saura zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ya tsaya a jikin inji. Saboda haka aka yi wa kowace silinda zara-zaran ƙarfe jere kamar haƙarƙari, domin iska ta sami fili mai yawa da za ta shafa ta kwashe zafi. A hancin jirgin, dama da hagun farfela, akwai ƙofofi biyu da iska ke shiga. Daga nan sai ta taru a wani ɗaki da ke saman injin, wanda aka kewaye da falankin alminiyom. Ɗakin nan kamar madatsar ruwa yake: iska na cunkushewa a cikinsa, matsinta ya fi na ƙasan injin, sai dole ta kutsa tsakanin haƙarƙarin silinda ta sauka, ta fice ta ƙasa.

A nan ne gizo ke saƙa. Bambancin matsin sama da na ƙasa ɗan kaɗan ne, bai wuce abin da zai ɗaga ruwa 'yan inci a cikin tiyo ba. Ita kuwa iska halinta ɗaya da ruwa, hanya mai sauƙi take bi. Manomin rani da ke ban-ruwa a gefen madatsar Zobe ya san cewa idan gafiya ta huda kunya, ruwa zai bi ramin ya bar kayan lambu da ƙishi. Haka nan idan akwai kafa tsakanin bakin ƙofar iska da ɗakin, ko tsakanin falanki da murfin inji, iska za ta zurare ta can ba ta taɓa silinda ba. Ɓarnar ma biyu ce, domin iskar da ta zurare ta rage matsin sama, ta kuma ƙara na ƙasa.

Kamfanin Lycoming ya ƙayyade cewa zafin kan silinda a irin wannan inji kada ya wuce digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma ba da shawarar a riƙe shi ƙasa da kimanin 205 a tafiyar yau da kullum domin inji ya daɗe. Dalili shi ne alminiyom na rasa ƙwari in zafi ya yi yawa, baƙin mai ya tsinke, bawul ya ƙone. Mai mota in injinsa ya buga sai ya gangara gefen titi. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi.

Shi ya sa masu haɗa jirgi kan shafe kwanaki suna toshe kafofi. Sukan jera roba mai jure zafi a bakin falanki, su lanƙwasa ta zuwa ciki, yadda matsin iska da kansa zai danna ta jikin murfi. Idan ta juya baya, ta zama ƙofa a buɗe. Ƙananan ramuka, kamar inda waya ko bututu ya ratsa, sukan cike su da jan silikon. Sa'an nan su sa tocila a ƙarƙashin inji cikin duhu, duk inda haske ya ɓullo, nan iska za ta bi.

Wani zai ce, me zai hana a faɗaɗa ƙofofin kawai? Amsa ita ce duk iskar da ta shiga hancin jirgi tana ja masa birki. Tun a 1928 injiniya Fred Weick da abokan aikinsa a hukumar NACA ta Amurka suka nuna haka, inda murfin da suka tsara ya ɗaga gudun jirgin Curtiss AT-5A daga mil 118 zuwa 137 a awa, ba tare da ƙara ƙarfin inji ba. Hikimar ita ce a shigar da iska daidai buƙata, a kuma tabbatar duk ta yi aiki.

Wani kuma zai ce wannan zancen masu jirgi ne. Ba haka ba ne. Injin ban-ruwa, da ƙaramin janareta, da yawancin injinan niƙa masu fetur duk da iska suke sanyi. Fanka na jikin inji, murfin kwano kuma na karkatar da iskarta zuwa kan silinda. Sau da yawa akan ga an cire wani ɓangare na murfin nan an jefar, wai don inji ya sha iska. Wannan kuskure ne babba. Inji tsirara ya fi zafi, domin iskar fanka watsewa take yi. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a jihar Katsina, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta cushe haƙarƙarin silinda, irin wannan inji ba ya kai labari. Manomin da injinsa ya tsaya a tsakiyar rani tumatirinsa yake asara.

Saboda haka ya kamata malaman kimiyya su ɗauki wannan batu su shigar da shi aji, kuma ba ya buƙatar kuɗi. A samo kwali, da fanka, da farin tiyo irin na magina. A lanƙwasa tiyon kamar harafin U, a zuba ruwa, a soka baki ɗaya cikin kwalin da fanka ke hura wa iska. Ɗalibai su auna tazarar ruwan, a huda kwalin su sake aunawa, a liƙe su sake gani. Da irin wannan ma'auni masu haɗa jirgi ke gwada aikinsu. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna iya jagorantar irin wannan gwaji ga makarantun sakandare, har a gayyato bakanikai su gani da idonsu.

Matasan Arewa da yawa na da burin ƙera jirgi, kuma buri ne mai kyau. Amma hankalin mai koyo yakan tafi ga fiffike da farfela da fenti, abubuwan da jama'a ke tafa wa. Gwanintar gaske tana cikin kafar da babu mai gani. Ɗalibin da ya koyi mayar da murfin injin ban-ruwa daidai, ya ɗaure kowane noti, ya share ƙura, ya riga ya fara koyon aikin da ke riƙe jirgi a sama.