Gida da Tsakar Gida: Kaskon Tsuntsaye Mai Adon Fasassun Tangaran

A wannan watan zan ɗan kauce wa zancen shuke-shuke da muka saba, in kawo muku bayanin wani aikin hannu da ya ci mini kusan makonni uku a ƙarshen hunturun da ya wuce, wato kaskon ruwa na tsuntsaye wanda aka yi wa ado da guntayen tangaran.

Mafarin abin shi ne wasu farantan tangaran guda huɗu na marigayiya mahaifiyata, masu zanen fure shuɗi a baki, irin waɗanda iyayenmu mata kan jera a kabad shekara da shekaru ba a taɓa cin ko loma ɗaya a cikinsu ba. Ranar da muke ƙaura zuwa gidan da muke ciki yanzu a nan Tamale, kwalin da suke ciki ya suɓuce daga hannun yaron da ke sauke kaya, ko ɗaya bai tsira ba. Uwargida ta ce a share a zubar kada yara su taka, ni kuwa na kasa. Na tattara su a buhu na cusa ƙarƙashin gado, suka shekara biyu a nan.

Duk wanda ya zauna a arewacin Gana ya san yadda rani yake. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris da wuya a ga ruwan sama, kududdufai su ƙafe, ga zafin Maris da kan kai awo 40 a ma'auni. A irin wannan lokaci ne za ka ga kurciya da gwara suna shawagi a inda aka yi alwala, ko suna tsotsar ruwan kwata mai omo. Ganin haka ya sa wata rana na ɗauki wani tsohon baho na roba, na cika shi taf na ajiye a gindin darbejiya, ina ganin na yi abin kirki.

Kwana uku da ajiyewa na fito da safe na tarar da wani ɗan gwara a mace yana yawo a saman ruwan. Ban ɗauki darasi ba, na cire shi na ƙara ruwa. Bayan kamar mako guda sai ga Hajiyar da muke katanga ɗaya ta shigo gaida uwargida, ta tsaya ta leƙa bahon, ta kira ni. "Malam, zo ka ga abin da kake kiwo mana." Na leƙa, sai ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil. Ta ce, "Da a zamaninmu ne, da tankas sun rubuta maka sammaci tun jiya." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne." Na kifar da bahon a gabanta. Ga yara masu tasowa da ba su san tankas ba, su ne ma'aikatan duba-gari da kan shiga gida-gida suna leƙa randuna da tukwane.

Waɗannan kurakurai biyu, wato zurfi da barin ruwa ya kwana ya tashi, su ne ainihin abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ado abu ne mai sauƙi, kowa zai iya.

Mu fara da zurfi. Ƙananan tsuntsaye ba sa iyo kamar agwagwa. A tsaye suke wanka, su tsoma ƙirji su karkaɗa fukafukai, saboda haka dole ƙafarsu ta taɓa ƙasa. In ruwan ya fi ƙarfinsu, gefen mazubin kuma yana da santsi kamar na roba, gashinsu ya jiƙe, to ba su da hanyar fita. Abin da ya kashe ɗan gwaran nan ke nan. Don haka kada tsakiyar kaskon ta wuce santimita 5, wato kamar gaɓa biyu ta ɗan yatsa, gefe kuwa ya zama santimita 1 zuwa 2, yana gangarawa a hankali kamar bakin tafki.

Mazubin da ya fi dacewa, kuma ya fi araha, shi ne kaskon yumɓu mai faɗi wanda ya gasu sosai. Ka ƙwanƙwasa shi da yatsa kafin ka biya; in ya yi ƙara ƙal-ƙal lafiyayye ne, in ya yi bif to da tsaga a jikinsa. Nawa a kasuwar Aboabo na saya, faɗinsa ya kusa kamu biyu. Ya ɗan yi zurfi, sai na cike gindinsa da siminti har ya dawo yadda nake so. Wanda bai samu kasko ba yana iya tara jiƙaƙƙen yashi ya yi masa siffar kifaffen faranti, ya shimfiɗa leda, ya dafa siminti a kai da 'yar wayar kaji a tsakiya. Amma wannan aikin magina ne, kuma yana da nauyi.

Shi wannan ado na jera ƙananan guntaye har su ba da zane, Turawa na kiransa mozayik, kuma ya daɗe a duniya. Rumawa sun yi ta shimfiɗa shi a daɓen gidajensu, har yau akwai tarinsa a gidan tarihi na Bardo a birnin Tunis. Babban masallacin Damaskus, wanda aka kammala wajen shekarar 715, an yi wa bangonsa irin wannan ado na itatuwa da koguna da gidaje, babu mutum babu dabba. Amma su waɗannan da guntayen dutse da gilashi da aka yanka musamman aka yi su. Masu aiki da fasassun kwanuka irina suna da nasu magabatan. Akwai Antoni Gaudi, mai zanen gine-gine na Barselona a ƙasar Sifen, wanda a lambun Guell da aka gina tsakanin 1900 da 1914 aka lulluɓe wani dogon benci da fasassun tayil da tangaran. Wanda ya fi burge ni kuwa wani talaka ne a garin Chartres na Faransa mai suna Raymond Isidore, wanda ya yi aikin sharar maƙabarta. Daga 1938 ya fara tsintar guntayen faranti yana mannawa a gidansa, bango da daɓe da kujeru, kusan har rasuwarsa a 1964. Mutane sun ɗauke shi taɓaɓɓe, yau gidan nasa wurin ziyara ne. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka, domin wanda ya taɓa shiga tsofaffin soraye a Zariya ko Kano ya ga yadda magina kan kafa faranti a tsakiyar rufi inda bakuna suka haɗu.

To yanzu ga yadda aikin yake. Ka naɗe faranti a tsohon buhu ko tsumma mai kauri, ka buga da guduma a hankali. Kada ka fasa shi a fili, domin ɓarɓashin tangaran yana tsalle, in ya shiga ido kuwa sai asibiti. A kori yara daga wurin, a share tas bayan an gama. Guntayen su zama kamar girman farcen babban yatsa. Manya ba sa kwanciya a jikin kasko saboda lanƙwasarsa. Gindin faranti mai tudu a ajiye shi gefe, ba ya shiga. Daga nan sai aikin da ya fi cin rai, wato goga bakin kowane guntu a kan dutse ko daɓen siminti har kaifinsa ya mutu. Na yi yamma uku ina wannan, ina sauraron rediyo. Kada a tsallake shi, saboda ƙafar tsuntsu da kuma hannun mai wanke kaskon.

Kafin ka taɓa siminti, ka jera guntayen a tire ka ga yadda zanen zai kasance. Ni na sa masu furen shuɗi suka zagaye baki, farare a ciki, na cike sauran da guntayen tayil ruwan ƙasa da wani magini ya ba ni kyauta daga ragowar aikinsa. Shawarata ita ce a bar madubi. Yana da kyau a ido, amma bayansa na lalacewa a ruwa, kuma wasu tsuntsayen in sun ga kansu sai su tsaya faɗa da inuwarsu.

Ka jiƙa kaskon cikin ruwa na kamar awa guda tukuna, in ba haka ba busasshen yumɓu zai shanye ruwan simintin, guntayen su ɓaɓɓake daga baya. Kwaɓin shi ne awo ɗaya na siminti, awo biyu na yashi mai laushi da aka tankaɗe, da ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin tuwon da bai daskare ba. Mai hali ya sayi simintin manna tayil, ya fi riƙo. Ka shafa a ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu, ka dasa guntaye, ka bar tsakaninsu kamar kaurin tsinken ashana, sannan ka ci gaba. Lokaci-lokaci ka ɗora ɗan katako ka danna don kada wani ya fi wani tudu. Ka sa safar hannu ta roba. Ni na raina wannan, na yi aiki da hannu tsirara, fatar yatsuna ta yi mako guda tana saɓulewa, domin siminti yana ci kamar ruwan toka mai ƙarfi.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai cike tsakani. A kwaɓa siminti da yashi awo ɗaya-ɗaya, ya ɗan fi na farko ruwa, a shafe fuskar aikin duka ana turawa cikin ramukan. Kada ka tsorata in ka ga adonka ya ɓace. Bayan kamar minti 20 sai ka goge da jiƙaƙƙen soso, ka wanke soson, ka sake gogewa, har tangaran ɗin ya fito. A cike ramukan sosai su yi daidai da guntayen. Wannan layi-layin siminti shi ne ke ba ƙafar tsuntsu wurin kamawa, amma in an bar shi da zurfi zai zama maɓoyar gansakuka da ƙwan sauro.

Daga nan sai haƙuri. A ajiye a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, sai ya tsattsage. Bayan haka a yi wani makon ana cika shi da ruwa ana zubarwa kullum, domin sabon siminti yana sakin wani abu mai kaifi kamar kanwa wanda bai dace tsuntsu ya sha ba.

Wurin ajiyewa ya zama mai inuwa, kusa da itace don su samu wurin gudu in shirwa ta kawo hari, amma ba daidai ƙarƙashin reshen da suke kwana ba, in ba haka ba kashi zai cika ruwan. A nisanta shi kamar taku uku daga duk wani surƙuƙi da kyanwa za ta iya laɓewa. Na ɗora nawa a kan bulo da aka jera har ƙugu, na tabbatar ba ya girgiɗi, saboda muna da mai rarrafe a gidan, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri. Masu kiwon kaji su raba shi da akurki, don kada kajin gida da tsuntsayen daji su sha a wuri ɗaya. Mun ga yadda murar tsuntsaye ta yi ɓarna a ƙasar nan a 2007 da 2015 da 2021. A sa ɗan dutse a tsakiya wanda kansa ya fito waje, ƙanana su sauka a kai.

Saura maganar Hajiya, wadda ta fi duk sauran nauyi. A lokacin zafi sauro na iya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. Akwai wani iri mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ya fi son ruwan da ke cikin mazubi a gida, kuma shi ne ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Ba labarin nesa ba ne: shawara ta ɓarke a yankin Sabana, maƙwabtanmu, a ƙarshen 2021, dengi kuma ta ɓulla a yankin Gabas a 2024. Shi wannan sauro a jikin mazubi yake manna ƙwansa, daidai saman ruwa, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Ke nan ƙara ruwa a kan na jiya ba ya magani, zubarwa kaɗai ma ba ta isa ba. Sai an zubar, an dirje da buroshi, an ɗauraye, sannan a zuba sabo. A yi haka duk bayan kwana biyu, ba sabulu ba omo. Tsuntsayen ma wannan ne lafiyarsu, domin ƙazamin ruwa na yaɗa wani ciwon maƙogwaro a tsakanin kurciyoyi da tattabaru. In za ka yi tafiya kuma babu wanda zai kula, ka kife kaskon. In damina ta sauka ma ka kife shi, tsuntsaye ba sa bukatarka a lokacin. Wanda kuma ya san ba zai iya wannan hidima ba, to ya yi adonsa a tukunyar fure ko a bakin dakali, zai yi kyau, kuma ba zai jawo wa maƙwabta ciwo ba. Masu zaman gidan haya a Kumasi da Ankara, inda tsakar gida ta kowa ce, su nemi yardar mutanen gida tukuna.

Da na kafa nawa, kwana huɗu babu wanda ya kula shi, har uwargida ta fara yi mini dariya. A rana ta biyar da hantsi sai ga baiwar Allah guda biyu sun sauka a kan dutsen, suka sha suka tashi. Yanzu gwara ne ke fara zuwa da sassafe, su yi wanka su watsar da rabin ruwan, kurciyoyi kuma sai la'asar. Wanda ya dame ni shi ne wani hankaka da ya gano wurin, yake kawo busasshen burodi yana jiƙawa, ya bar mini ruwan kamar kunu. Duk ranar da ya zo sai na sake wanki. Hajiya kuwa har yanzu in ta shigo sai ta leƙa kaskon kafin ta amsa gaisuwa, kuma kwanan baya ta aiko jikarta da wani fasasshen kofin shayi, wai ko zai yi amfani.

Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan yadda ake renon zogale a tsohon bokiti.